Kuɗin Jirgi da Kuɗin Mota: Abin da Ya Kamata Tasawa da Mayahi Su Sani Kafin Layin Dogo Ya Iso Maraɗi

 

Wanda ya ji cewa an tara mutanen Tasawa da Mayahi domin a yi musu magana a kan kuɗin jirgin ƙasa, yana da damar yin dariya. A cikin gundumar Tasawa akwai garin Maijirgi, wanda sunansa ke ɗauke da kalmar jirgi, amma tun da aka kafa shi bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Daga Urafan zuwa Hawandawaki, daga Kanambakashe zuwa Gidan Amumun, babu taku ɗaya na layin dogo. Gundumomin nan biyu, waɗanda ƙidayar shekarar 2012 ta samu fiye da mutum rabin miliyan a kowace ɗayansu, duk zirga-zirgarsu a kan taya take, ko a kan ƙafa, ko a kan amalanke.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma ko da yake har shekarar 2025 aikin bai kammala ba, an share hanya, an gina gadoji, an kashe kuɗi masu yawa. Duk ranar da jirgin ya fara tafiya, wani zai zauna a ofis ya rubuta farashin tikiti, bayan ɗan lokaci kuma wani ya zo ya ƙara. Tambayar da wannan jawabi ke son amsawa ita ce: idan an ƙara kuɗin jirgi, shin fasinja yana barinsa ya koma mota? Idan yana komawa, wane fasinja ne, kuma wa ke biyan hasarar?

Jirgin da Nijar ta daɗe tana jira

Tarihin kasuwancin wannan yanki yana ɗaure da wani jirgi da ke wata ƙasa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Kauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Da noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Tasawa da Maraɗi, raƙuma da jakuna, daga baya kuma manyan motoci, su ke kai buhuna Kano, jirgi ya sauke su bakin teku a Ikko. Har zuwa 1927 Tasawa ce mazaunin kumandan, kafin a mayar da shi Maraɗi, kuma daga nan Maraɗi ta fara zama cibiyar sayen gyaɗa da ta alhazai.

Faransawa ba su ji daɗin ganin amfanin gonar ƙasar da suke mulki yana cika taragon Ingilishi ba. A farkon shekarun 1950 suka shirya abin da suka kira Opération Hirondelle: motoci su kwashi gyaɗa zuwa Faraku a ƙasar Dahomey, jirgi ya ɗauke ta kilomita 438 zuwa Kwatano, motocin kuma su dawo da hajar Turai. Hanyar ta fi ta Kano nisa ƙwarai, saboda haka aka daidaita kuɗin dako da gangan domin kada ta fi tsada, kuma ta haka aka karkatar da wani kaso na gyaɗar zuwa yamma. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahomey da Nijar, wadda daga baya ta zama OCBN. Darasin farko ke nan, kuma dattawan ƴan kasuwa sun san shi: farashin sufuri hukunci ne da hukuma ke yankewa, kuma wannan hukunci yana iya juya akalar kasuwancin ƙasa baki ɗaya.

Shekaru da dama ana alkawarin cewa layin Faraku zai iso Yamai. Kafin ya iso, shi kansa layin ya raunana, jigilar fasinja ta tsaya a kansa tun kafin shekarar 2010, manyan motoci suka ƙwace yawancin kayan. A watan Afrilu na 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai, a watan Janairu na 2016 aka yi bikin layin Yamai zuwa Doso, mai tsawon kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa. Rigimar shari'a a ƙasar Benin ta tsayar da ci gaban aikin, layin bai haɗu da Faraku ba, kuma bai shiga jigilar fasinja ta yau da kullum ba. Wanda ya ga wannan yana da hujjar yin taka-tsantsan da kowane sabon alkawari.

Shi layin Kano zuwa Maraɗi tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar, a kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 2, kuma Najeriya ce ta ɗauki nauyin kuɗin. A riƙe wannan magana ta ƙarshe, domin za a dawo kanta.

Abin da ya faru tsakanin Abuja da Kaduna

Misali mafi kusa, wanda ƴan ci-ranin wannan yanki da yawa suka gani da idonsu, shi ne jirgin Abuja zuwa Kaduna. An buɗe shi a watan Yuli na 2016, tsawonsa kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa. A farko kuɗin kujerar talaka bai kai naira 1,000 ba. Kafin annobar korona ya hau zuwa tsakanin naira 1,300 da 1,500. A watan Yuli na 2020, da za a koma aiki bayan kulle, aka ninka shi zuwa naira 3,000, da hujjar cewa za a rage yawan fasinja a tarago saboda cutar. Cutar ta lafa, farashin bai sauko ba. A watan Disamba na 2022 aka sake ƙari: naira 3,600 ga ƙaramar kujera, 6,500 ga ta tsakiya, 9,000 ga ta manya. A wannan shekarar man gazuwal, wanda jirgin ke sha, ya tashi daga kimanin naira 300 zuwa kimanin 800 a lita.

Bisa lissafin kasuwa na yau da kullum, ninka farashi sai ya kori masu saye. Amma bayan ƙarin 2020 taragon bai zama wayam ba. Mutane suka ci gaba da cika tasha, ƴan bayan fage suna saye tikiti suna sayarwa da tsada, har aka kawo sayarwa ta intanet a farkon 2021 domin rage wannan cuwa-cuwa. Dalilin a fili yake: titin Abuja zuwa Kaduna ya zama wurin da masu garkuwa da mutane ke tare matafiya. Babban ma'aikaci, ɗan siyasa, hafsan soja, kowa ya ajiye motarsa ya hau jirgi, domin naira 3,000 ba komai ba ce idan aka gwada ta da kuɗin fansa. Wanda ƙarin ya kora shi ne leburan da ke komawa gida, da ɗalibi, da matar da ke ƙaramin fatauci. Waɗannan ba su da mota tasu da za su koma, sai suka koma tasha suka hau motar haya a kan titin da mai hali ya guje wa.

Ranar 28 ga Maris na 2022 ƴan bindiga suka dasa bam a kan layin, suka kashe mutum akalla takwas, suka sace fiye da sittin. Sai a watan Oktoba aka sako na ƙarshe, jirgin kuma bai koma aiki ba sai ranar 5 ga Disamba. Da ya dawo, ya dawo da sabon farashi da kuma tsoro a zukatan mutane, kujeru da yawa suka kasance babu kowa a kwanakin farko. Abin da ninka farashi ya kasa yi a 2020, harin dare ɗaya ya yi shi a 2022.

Bayan wata shida sai lissafin ya sake juyawa. Ranar 29 ga Mayu na 2023 shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye kimanin naira 190 ta kai 617 a watan Yuli, ta zarce 1,000 a watan Oktoba na 2024. A ɗauki misali mai sauƙi: ƙaramar mota mai shan lita 8 a kilomita 100 tana buƙatar kimanin lita 15 daga Abuja zuwa Kaduna. A tsohon farashi, man tafiyar naira 2,850 ne, ƙasa da tikitin mutum ɗaya na 3,600. A naira 617 ya zama 9,255. A naira 1,000 ya zama 15,000, wato ya zarce tikitin mutum huɗu, wanda ya kama 14,400. Magidancin da a farkon 2023 zai yi wauta in ya kai iyalinsa tashar jirgi, a ƙarshen 2024 lissafinsa ya koma kunnen doki, ba tare da an taɓa farashin da aka gwada da shi ba.

Daga wannan labari ana iya fitar da amsa. Fasinja ba ya duba kuɗin jirgi shi kaɗai. Yana gwada shi da kuɗin mota, ya sa lafiyar hanya a kan ma'auni, ya ƙara lokacin da zai ɓata da yawan mutanen da ke tare da shi. Ƙarin farashi yana korar fasinja idan akwai wata hanya mai aminci da araha a kusa. Idan babu, mai hali ya biya yana gunaguni, marar hali ya koma hanyar haɗari ko ya fasa tafiyar.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

An yi gwajin ta ɗaya ɓangaren a Jamus. Daga Yuni zuwa Agusta na 2022 gwamnati ta sa tikitin wata guda a kan yuro 9, mai shiga duk jiragen yanki da motocin safa na cikin gari. An sayar da tikiti kimanin miliyan 52, taragai suka cika maƙil. Da ƙungiyar kamfanonin sufuri ta ƙasar ta bincika, ta samu cewa kimanin tafiya ɗaya cikin goma ce ta maye gurbin tafiyar mota. Sauran ko dai mutanen da dama jirgi suke hawa ne, ko waɗanda da ba su yi tafiyar ba sam. Mutanen karkara, waɗanda tasha ta yi musu nisa, su ne suka fi ƙarancin amfana. A watan Mayu na 2023 aka dawo da tikitin a kan yuro 49, aka ɗaga shi zuwa 58 a Janairu na 2025. Ke nan araha tana fito da marar hali daga gida, amma ba ta cika raba mai mota da motarsa ba, musamman idan jirgin ba ya zuwa kusa da ƙofarsa.

A Sanagal, jirgin TER na Dakar zuwa Diamniadio, mai tsawon kilomita 36, ya fara aiki a watan Disamba na 2021. An yanka farashinsa gida-gida bisa nisa, daga sefa 500 zuwa 1,500, kujerar manya kuma 2,500. Ya samu fasinja da yawa saboda cunkoson titin Dakar yana cin sa'o'i, jiragen kuma suna tashi a kai a kai. A Faransa kuwa, abin da fasinjan jirgin yanki ke biya ba ya kai rabin abin da tafiyar ke ci, hukumomin jahohi ne ke cika sauran daga haraji. Wannan shi ne halin jirgin fasinja kusan ko'ina a duniya. Duk wanda ya ce tikiti kaɗai zai biya man jirgi da albashin ma'aikata da bashin gina layi, yana shirya farashin da zai bar taragon babu kowa. Yankin nan na Afirka ya riga ya ga haka: bayan an miƙa layin Abijan zuwa Wagadugu ga kamfani a 1995, da na Dakar zuwa Bamako a 2003, hankali ya koma kan jigilar kaya mai riba, jigilar mutane ta yi ta ja da baya.

Mece ce mota a Tasawa da Mayahi?

A Turai, idan an ce fasinja ya koma mota, ana nufin ya ɗauki makullin motarsa. A nan masu mota tasu ƴan ƙalilan ne: wasu alhazai, wasu manyan ma'aikata, da motocin ofis da na ƙungiyoyin agaji. Motar talaka ita ce Hiace da ke jiran cika a tasha, da safar Rimbo ko STM ko Al Izza da ke bi ta babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, da kamyon ranar kasuwa mai ɗaukar mutum da buhu da akuya tare, da kabu-kabu mai shiga inda babu kwalta. Waɗannan su ne abokan gasar jirgin da ke tafe, kuma suna da ƙarfin da ba za a raina ba. Suna tsayawa a ƙofar gida, ana ciniki da su, direba yana iya ɗaukar mutum bashi saboda ya san ubansa.

Farashinsu kuma yana bin mai. Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a jahar Damagaram a ƙarshen 2011, gwamnati ke tsayar da farashi. Shekaru da yawa litar esansi tana kan sefa 540, wato dala 108. A watan Agusta na 2022 aka ɗaga gazuwal daga 538 zuwa 668, a watan Yuli na 2024 aka sauke shi zuwa 618, esansi kuma zuwa 499. Bayan wannan akwai ruwa-ruwa, man Najeriya da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, wanda shekaru da dama shi ya riƙe kuɗin mota a ƙasa a duk faɗin jahar Maraɗi. Janye tallafin 2023 ya karya wannan araha, kuma ƙarancin man da aka sha a watan Maris na 2025 ya nuna yadda ƙasar ta dogara da shi fiye da yadda ake faɗi. Duk wanda ya tuna karyewar darajar sefa a Janairu na 1994, lokacin da kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo cikin makonni, ya san cewa kuɗin mota ma yana iya ninkuwa ba tare da an yi shawara da kowa ba.

Sai batun nisa, wanda shi ne ya fi muhimmanci ga waɗannan gundumomi biyu. Tashar jirgin tana Maraɗi. Daga Tasawa zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne, ta Gazawa da Agye da Cadawa, kuma tafiya ce zuwa yamma, alhali Kano tana kudu maso gabas. Batasaye mai zuwa Kano da jirgi zai fara biyan kuɗin mota ya yi baya, sannan ya biya tikiti ya dawo gaba. Idan aka auna a miƙe, Daura da Katsina ba su fi Maraɗi nisa daga Tasawa ba, ga mutumin Korgom ko Hawandawaki kuma Daura ta fi kusa nesa ba kusa ba. Ke nan ga kudancin Tasawa, tashar da ta fi amfani tana hayin iyaka, kuma abin da zai yanke hukunci shi ne halin hanyar da ke kai wa can. Mayahi kuwa, wadda hanyarta ta kudu ke fita Cadawa, ta fi karkata ga tashar Maraɗi, amma mutumin ƙauyukan arewa da Gulbin Kaba sai ya yi rabin yini kafin ya ga kwalta.

Saboda haka farashin gaskiya ga mutumin nan kashi uku ne: kuɗin zuwa tasha, da tikiti, da kuɗin fita daga tasha zuwa kasuwa. Tikitin shi kaɗai ne hukumar jirgi ke gani. Ƙarin da zai zama ƙarami a idon mutumin Maraɗi ko na Katsina, wanda ke tafiya tasha da ƙafa, yana iya zama shi ne zai sa jimlar Batasaye ta zarce kuɗin motar da ke kai shi Kano kai tsaye. Idan aka yi ƙari, mutanen nesa da tasha ne za su fara sauka.

Lissafin ɗan kasuwa da na ma'aikaci

Ɗan kasuwa yana tafiya da kaya, kuma kuɗin kansa ƙarami ne a cikin lissafinsa. Mai kai wake ko riɗi ko aya kasuwar Dawanau a Kano yana duba kuɗin buhu, da sau nawa za a loda a sauke. Da kamyo, lodi ɗaya ne a Mayahi, sauke ɗaya a Kano. Da jirgi, a loda a mota, a sauke a tasha, a loda a tarago, a sauke, a sake lodawa a wata mota, kuma kowane mataki yana da ƴan dako da ɓarnar buhu. Abin da jirgi zai ba shi a madadin wannan shi ne tsira daga shingayen hanya, inda ake tsayar da mota sau da yawa, kowace tsayawa da abin da take ci na kuɗi da na lokaci. Idan tarago ya bi ta duwan sau ɗaya a wuri ɗaya da takarda ɗaya, babban ɗan kasuwa zai jure farashi mai ɗan tsada. Idan aka kwaso shingayen titi aka jera su a tashoshin jirgi, ko kyauta aka ce ya loda zai yi tunani.

Shi ma'aikaci albashinsa a tsaye yake, ba ya tashi da tashin mai. Malamin makaranta a Isawan ko ma'aikacin jinya a Bawdeta yawancin tafiyarsa zuwa Maraɗi ce, domin takarda ko asibiti ko ɗa da ke jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko kuma zuwa Yamai. Layin Kano ba zai rage masa ko dala ɗaya a waɗannan tafiye-tafiye ba. Inda zai shafe shi shi ne a kasuwa: farashin siminti, da atamfa, da taki, da kayan masarufin da ke shigowa daga kudu. Idan jirgi ya rage kuɗin dako, kuma gasa ta tilasta wa masu shigo da kaya su sauke farashi, albashinsa ya ƙara daraja. Idan ragin ya tsaya a aljihun mutum biyar, bai ga komai ba.

Akwai kuma hasarar da ba a rubuta ta a tikiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka gwada da yawan jama'a. Babu unguwa a Tasawa ko Mayahi da ba ta taɓa karɓar gawar ɗan ci-rani daga hanya ba. Kowane fasinja da tsada ta sauke daga tarago ta mayar cikin motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima, ƙasa ce ke biyan sauran kuɗinsa a asibiti, iyalinsa kuma a maƙabarta. Kowane tan na kaya da ya bar layin dogo ya hau kwalta yana rage wa hanyar kwana, kuma daga baitulmali ake gyara ta.

Wa zai yanke farashin?

An faɗa a baya cewa Najeriya ce ke biyan kuɗin layin. Mai bin bashi yana jiranta, kuma abin da aka gani a Abuja da Kaduna ya nuna cewa idan kuɗi suka yi wuya, tikiti ake fara taɓawa. Nijar, wadda ƙaramin ɓangare ne kawai na layin ke cikin ƙasarta, daga iyaka zuwa Maraɗi, ba ta da bakin magana kai tsaye sai abin da aka rubuta a yarjejeniya. Akwai kuma batun kuɗin da za a biya da shi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuwa an sake ta a watan Yuni na 2023, ta faɗi daga kimanin 460 a dalar Amurka zuwa wajen 1,500 a 2024. Tikitin da aka rubuta da naira zai riƙa sauya nauyi a aljihun mai sefa daga wata zuwa wata. Sannan iyakar kanta: Najeriya ta rufe ta daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024, a Janairu na 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO. Kabu-kabu yana da hanyar daji idan an rufe iyaka, jirgi sai ya tsaya.

Ga abubuwan da ya kamata ƴan kasuwa da ma'aikatan waɗannan gundumomi su nema, ta bakin majalisar ƴan kasuwa, da sandikoki, da sarakuna, da farfe-farfe, tun kafin a buga tikitin farko.

Na ɗaya, a bayyana wa jama'a yarjejeniyar da za ta tafiyar da layin, a san wa ke yanke farashi a tashar Maraɗi, da wane kuɗi, kuma wane wakilin Nijar ne zai zauna a wurin.

Na biyu, a ɗaure ƙaramar kujera da kuɗin motar haya na wannan hanya, kada ta zarce shi. In ana neman riba, a neme ta a kujerar manya da jigilar manyan kaya.

Na uku, duk ƙarin da za a yi ya zama kaɗan-kaɗan, a sanar da shi tun da wuri tare da dalilinsa, kuma idan dalilin ya gushe farashin ya sauko. Ƙarin korona na 2020 da ya zauna daram ya isa gargaɗi.

Na huɗu, a fitar da farashin buhu da na dabba a rubuce, a keɓe tarago ga ƙananan ƴan kasuwa waɗanda ba za su iya cika tarago su kaɗai ba, kuma binciken duwan ya kasance sau ɗaya.

Na biyar, a gyara hanyoyin da ke kai Mayahi da Tasawa ga tashar Maraɗi, da waɗanda ke kai kudancin Tasawa ga iyaka, a kuma zauna da sandikar direbobi a tsara motocin da za su riƙa tashi daidai da lokacin jirgi. Direban da ya ga jirgi yana kawo masa fasinja zai kare shi, wanda ya ga yana ƙwace masa abinci zai yaƙe shi, kuma yana da hanyoyin yin haka.

Na shida, tsaron layin, musamman tsakanin Jibiya da Ɗan Isa da Madarunfa inda ƴan bindiga suka daɗe suna addabar jama'a, ya zama aikin da ƙasashen biyu suka raba a rubuce.

Mutanen wannan yanki sun yi fiye da shekara ɗari suna kai kayansu ga jirgin da ke ƙasar wasu, a kan farashin da ba a taɓa tambayarsu ba. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarjejeniyar da ba a sa wa hannu ba tana karɓar gyara, kuma wasiƙar da majalisar ƴan kasuwa ko sandika za ta rubuta yau ta fi zanga-zangar da za a yi bayan an liƙa farashi a bangon tasha. Allah ya kai kowa gidansa lafiya, ya kiyaye matafiya a hanya.